Kwamfutar da Ta Busar da Citta

A daminar 1998 Ejike ya kawo kwamfuta Kafanchan. Ɗan wani tsohon makanikin jirgin ƙasa ne, a garin aka haife shi, kuma ya kama shago kusa da kasuwa yana buga wa mutane takardu. Kwamfutar ta hannu ce, ga nawa. In ya kunna ta, yakan je ya sayo ƙosai ya dawo kafin ta farka.

Wani abokinsa a Sabon Tasha ne ya nuna masa dabara. A cikin akwatin kwamfutar akwai wasu 'yan robobi kamar ƙwayar wake, ana ce musu jamfa. In ka matsar da ɗaya, ƙwaƙwalwar kwamfutar za ta ƙara gudu. In ta soma sandarewa, sai ka matsar da wata ka ƙara mata wuta kaɗan.

"Kaɗan fa," in ji abokin. "An yi ta don wuta mai ƙarfin bolt biyu da ɗigo takwas. Ka tsaya a ɗigo tara. In ka haura uku, soya ta za ka yi."

Ejike ya yi haka, ya bar ta tana aiki yini guda bai ga ta sandare ba. Sai dai zafi. Ya cire murfin akwatin, ya kafa mata fankar tebur, iska mai ɗumi tana fita ta baya.

Wata rana ruwa ya koro Mama Martha cikin shagon. Ita ce mai ginin, kuma citta take sayarwa. Ta shigo da tire cike da yankakkiyar citta wadda ta ƙi bushewa saboda rashin rana, ta ajiye a bayan kwamfutar, ta zauna hira. Da ruwa ya ɗauke ta taɓa cittar, ta tsaya.

"Ɗana, wannan abin naka yana busar da kaya?"

"Mama, rubutu yake yi."

"To ya yi rubutunsa. Ni bayansa nake so."

Washegari ta zo da tire biyu. Kafin Lahadi matan zumunta na cocinsu sun ji labari, kowace da nata. Shagon ya cika da ƙamshin citta har masu kawo takarda suna atishawa. Ba a jima ba Mama Martha ta soma ƙorafi, wai wutar ta yi sanyi.

Ejike ya yi mata bayanin jamfa. Ta leƙa cikin akwatin tana neman riga. Da ya nuna mata robar, sai ta tambaye shi nawa wutar take yanzu.

"Biyu da ɗigo tara."

"Kai shi biyar."

"Yesu! Mama, za ta ƙone!"

"To huɗu."

"Ba ciniki ba ne, Mama."

"Komai ciniki ne. Uku da rabi, kar ka ba ni kunya gaban mata."

Suka yi ta ja, matan suna sa baki, wata ta ce a ɗaga hannu. Aka ɗaga, uku da rabi ta ci, har da hannun wani mutum da ya shigo fakewa bai san abin da ake zaɓa ba. Ejike ya dubi Mama Martha, ya dubi matan da suka tare ƙofa, ya kashe kwamfutar ya matsar da jamfa zuwa uku da ɗigo biyu, ya ce musu rabin yana hanya.

A lokacin ne Baba Andrawus, dattijon coci, ya zo a buga masa tsarin bikin auren 'yarsa. Ejike ya fara. Ya rubuta sunan amarya, ya rubuta na ango, yana cikin addu'ar buɗewa allon ya koma shuɗi. Ya sake kunnawa, ya sake farawa, ta sandare a kan sunan fasto. Wani wari ya taso wanda ba na citta ba.

"Yanzu ne ta kama aiki," in ji Mama Martha, tana juya tire.

Ejike ya fizge waya daga bango. Ya kai yatsa kan ƙarfen da ke bisa ƙwaƙwalwar, ya janye da ihu. Ya zauna yana hura yatsan, yana kallon kwamfutar, don duk abin da ya mallaka yana cikin akwatin nan. Baba Andrawus ya cire hula ya yi mata addu'a. Da ta huce, Ejike ya mayar da jamfa biyu da ɗigo tara, ya danna. Ta yi tsit, sannan ta yi ƙara ta tashi.

"Nan za ta tsaya," ya ce. "Ko ku kore ni."

Mama Martha ta kwashe tirenta ba sallama. Kwanaki ba ta amsa gaisuwarsa.

Sai ya tafi Kaduna ya dawo da akwatin wata matacciyar kwamfuta, ba komai a ciki. Ya ɗaura manyan ƙwayayen lantarki biyu da fanka, ya haɗa da allon maɓallai wanda ba ya aiki, ya kai wa Mama Martha a rumfarta ta kasuwa.

"Wannan nawa take ci?" ta tambaya.

"Bolt ɗari biyu da ashirin, Mama."

Ta yi guɗa har 'yan kasuwa suka taru. Tun daga ranar takan zauna ta ɗan danna maɓallan in tana son zafi ya ƙaru, kuma ta rantse yana ƙaruwa. Cittarta ta yi suna, 'yan sari daga Zangon Kataf suna zuwa neman busar kwamfuta.

Abin da ya dami Ejike shi ne labari ya bazu cewa ta Mama Martha ta fi tasa ƙarfi nesa ba kusa ba. Mutane suka riƙa wuce shagonsa da takardunsu, su yi layi a rumfarta. Ita kuwa takan karɓi takardar ta duba sama da ƙasa, ta miƙa wa mai ita.

"Wannan ƙaramin aiki ne," takan ce. "Kai wa yaron can."