Shanyar Barkono a Tashar Marken Dogo

Tashar jirgin ƙasa ta Marken Dogo ba wata babbar tasha ba ce. Ɗaki biyu ne na dutse da rufin kwano, sai dogon dakali na siminti a gefen layin da ya taso daga Kano ya yi gabas. Tun zamanin Turawa aka gina ta saboda lodin gyaɗa. Inna Hure ta riski ƙarshen wannan zamani. Tana yarinya takan kai wa mahaifinta fura a can, shi yana cikin 'yan dako, lokacin jirgi biyu ke wucewa kullum, ɗaya da hantsi, ɗaya da la'asar. Daga baya ya koma sau biyu a mako, ya koma sau ɗaya, har aka wayi gari ciyawa ta rufe layin, awaki na kiwo a kai.

Dakalin dai bai zauna a banza ba. A ƙauyen gona ta cinye ko'ina, har gindin katangar gidaje, babu filin shanya. Hure ce ta fara share shi ta baza barkononta, sauran mata suka bi sahu. Shekara goma sha ɗaya ana haka, kuma ita ke raba wuri: nan na masu wake, can na masu kuɓewa, ƙarshen gabas na Leah maƙwabciyarta, wadda ke zuwa da wuri ran Lahadi ta baza kafin ta wuce coci.

Ran nan da kaka, sai ga wani mutum a kan babur, da farar riga da hular ma'aikata. Ya tsaya yana kallon dakalin, ja wur daga wannan baki zuwa wancan. Aka nuna masa Hure, ya rusuna ya gaishe ta.

"Inna, sunana Tahir. Ni aka turo shugaban tashar nan. An gyara layi, ran Alhamis jirgi zai dawo. Sai a taimaka a kwashe kayan nan."

"Wace Alhamis ɗin?"

"Wannan mai zuwa."

Hure ba ta yi musu ba. Wurin hukuma ne, ta sani. Ta tara mata, kafin magariba sun kwashe komai, har suka wanke masa dakalin. Nata barkonon, da bai gama shan rana ba, ta jibge shi a ɗaki, kullum tana fitar da kaɗan a faifai tana korar kaji.

Ran Alhamis rabin gari ya fito. Aka yi ta leƙen yamma har rana ta faɗi, ba jirgi. Alhamis ta biyu mutum biyar suka zo, su ma suka gaji suka tafi. Washegari Hure ta tura hannu ƙarƙashin tarin barkononta, ta ji ɗumi. Da ta juya shi, na ƙasa ya yi baƙi, ya fara wari. Kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ta noma. Ta zauna ta tsince mai kyau, sannan ta ɗebi ruɓaɓɓen a ƙwarya ta nufi tasha.

Ta tarar da Malam Tahir zaune shi kaɗai. Ta ajiye masa ƙwaryar a kan tebur.

"Ɗana, ba faɗa na zo yi ba. Gaya mini gaskiya, ka san ranar da zai zo?"

Ya dubi ƙwaryar, ya cire hula ya sosa kai. "Wallahi Inna, ban sani ba. Ni ma waya nake jira. In ya bar tashar da ke bayanmu za a kira ni, daga nan minti arba'in ne ya iso."

"Minti arba'in ya ishe mu. Ka bar mu mu yi shanya. In an kira ka, ka aiko."

Ya tashi ya fito waje. Sai ya ɗauko gawayi, ya auna taku uku daga bakin dakali, ya ja layi har ƙarshe. Ya ce kada ko ƙwaya ɗaya ta ƙetare shi, kuma a riƙa shanya a kan tabarmi da buhuna, yadda za a naɗe da sauri. Hure ta ce ta ji.

Ran Asabar da azahar wayar ta zo. Malam Tahir bai tsaya neman ɗan aike ba, da kansa ya hau babur ya shiga gari yana danna oda. Mata suka fito a guje, wasu da kumfar wanki a hannu. Aka hau naɗe tabarmi ana ja bayan ofis. Leah ta tafi biki Dawakin Tofa, don haka Malam Tahir ne ya tattara mata shanyarta. Barkonon ya shige masa hanci, ya yi ta atishawa, hawaye na zuba, Hure na ce masa ya daina murza ido.

A haka jirgin ya same shi, yana ɗaga tuta da jajayen idanu. Tarago huɗu ne. Ya tsaya minti biyar, wani tsoho ya sauka da buhun busasshen kifin da bai sayar ba a Kano, ba wanda ya hau.

Tun daga nan jirgin ke zuwa, ran Asabar ya yi gabas, ran Litinin ya dawo, wani makon ya makara da kwana guda, wani makon bai zo ba sam. Shanya kuwa ba a fasa ba.

Bayan an gama aikin kaka, Hure ta yanki tikiti za ta Kano duba 'yarta Aina'u da ta haihu. Shekararta sittin da biyu a bakin layin nan, ranar ta fara shiga jirgi. Tafiyar da mota ke yi a awa ɗaya sai da suka yi awa uku, amma ta miƙe ƙafafunta son ranta, gwiwarta ba ta dame ta ba, har ta hango gonarta ta taga. Ran Laraba ta dawo a motar haya, don akuyarta na gab da haihuwa, ba za ta iya jiran Asabar ba.