Fuskar Mai Rediyo

"Cikina yana ciwo sosai," in ji Mai Rediyo, yana kallon fankar ɗakin likita.

Likitan ya dube shi, ya dube ni. Ba gumi, ba nishi, ba ko yamutsa fuska. Mutum ne ɗan shekara hamsin da ɗoriya, zaune cak, hannuwa kan gwiwa, kamar mai jiran aski. Aka rubuta masa maganin ɓacin ciki, muka koma gida.

Maƙwabcina ne, katanga ɗaya. Yana da larurar galahanga, kuma yayarsa ce ke kula da shi. Ran nan ta yi tafiya, shi ya sa na raka shi. Ni ɗinki nake, shi gyaran rediyo. Bai taɓa tambayata ya gajiya ba, amma ta katanga yake jin kekena ya soma ƙara, sai ya shigo da man keke, ba sallama.

Akwai wata malamar jami'a da ke zuwa wurinsa da kwamfuta. Takan nuna masa fuskoki ya faɗi mai fushi da mai murna, takan sa masa hannu a ruwan sanyi ta tambaye shi yadda ya ji. Mukan tsokane shi cewa ya zama ɗan jami'a da furfura.

Da yayar ta dawo ta ji abin da ya ce wa likita, ko mayafi ba ta gyara ba ta nemo mota. Ta ce tunda ya ce sosai, to sosai ne, ƙanenta bai iya ƙarin gishiri ba. Ashe hanji ne ya fashe. Bai kai ɗakin tiyata ba, rai ya yi halinsa.

Ban yi kuka ba. Na shimfiɗa tabarmi, na kai wa mutane ruwa, ban ji komai ba.

Bayan mako malamar ta zo da jakarta, ba ta sani ba. Da aka gaya mata, ta zauna a bakin ƙofa. Can ta ce abin da suke ta gani a bincikensu ke nan: wasu masu larurar ciwo ba ya hawa fuskarsu, bakinsu ake bi.

"Likitoci sun san haka, 'yata?" in ji yayar.

"Ba mu gama rubutawa ba, Mama."

Yayar ta gyaɗa kai. Ta juya ga teburinsa, tana tsince kusoshi ɗaya-ɗaya tana zubawa a murfin gwangwani, manya gefe, ƙanana gefe.