Saƙon Goggo Adjara a Motar Baba

Shekara tara Abdul-Razak yana jan kwantena daga tashar jiragen ruwa da ke Brooklyn, ya san dokokin wurin kamar yunwar cikinsa. Amma ranar Talatar nan ba da tirela ya zo ba. Mota ya kawo, irin wadda keken guragu ke hawa ta baya, zai aika wa mahaifinsa a Kumasi. Tun da ɓarin jikin tsohon ya shanye bara, bai sake ganin ƙofar masallacin Juma'a ba, don babu tasin da ke ɗaukar kekensa. Ƙarfe huɗu za a rufe karɓar motocin jirgin da zai tafi Tema, tashar jiragen ruwan ƙasarsu. In ya wuce, sai bayan sati shida, kuma mai shekara tamanin da ɗaya ba a yi masa alƙawarin sati shida.

Doka ce, motar da za ta shiga jirgi sai ta zama fanko. Shi da kansa ya share ta tas. Wautarsa ɗaya: ya bar ta kwana biyu a ƙofar gidan ƙanwar babansa, Goggo Adjara, kusa da Fordham Road, har da makulli, don a riƙa matsar da ita in masu sharar titi sun zo. Makulli a hannun Goggo Adjara, jama'a!

Ma'aikaciyar da ke duba motoci ta ɗaga kujerar baya, sai ga atamfa turmi uku. Ta leƙa wurin tayar safaya, sai ga takalman yara da man zafi, kowace leda da sunan mai ita. Ta miƙa masa takardunsa, ta ce motar ba za ta shiga ba. Uku da rabi ta gota. Nan take ya kira Goggo.

"Goggo, me kika zuba a motar nan?"

"Ɗan saƙo ne na matan masallaci. Mota guda ta tafi gida hannu rabbana? Me za a ce da mu a Zangon Kumasi?"

"Za su hana ta tafiya, Goggo. Motar Baba ce fa."

Sai ta fara lissafo maɓoyanta ɗaya bayan ɗaya, murya ƙasa-ƙasa. Ya roƙi ma'aikaciyar, ta ba shi minti ashirin, da sharaɗin ko tsinke kada ya bari a filin. Allah ya taimake shi, Yussif abokin aikinsa ya sauke kwantena ke nan zai fita. Yussif yana dariya har da riƙe ciki, ya buɗe masa gaban tirela suka yi ta jidar ledoji.

Da suka gama, Abdul-Razak ya sake kira.

"Don girman Allah, Goggo, saura ina?"

"Ƙarƙashin inda keke ke hawa," in ji ta. "Wannan nawa ne. Hula ce na saya wa Yaya, ya sa ranar da zai fita."

Ya zaro ta, fara sol, ya cusa a aljihu, ya ce zai aika ta gidan waya. Haushin da yake ji ya bi ruwa, sai tausayinta.

Ma'aikaciyar ta sake dubawa da tocila, ba ta ko gaggawa. Huɗu saura minti shida ta manna takarda a gilashi, wani ya tuƙa motar zuwa layin da ke gindin jirgin. Abdul-Razak ya zauna a matakalar tirelar Yussif, ya yi hamdala, ya buga waya Kumasi.

"Baba, sun karɓa. Tana hanya."

Tsohon ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito.

"To, a gaya wa ladan ya ajiye mini wurina a sahun gaba."