Baba Rachidou a Benen Bis

"Riƙe mini sandar, ɗiyata. Da hannu biyu ake hawan wannan matakala."

Zuwaira ta karɓi sandar Baba Rachidou, maƙwabcinta na ƙofa da ƙofa a unguwar Minguettes. Tun da likita ya ce zuciyarsa ta gaji, ko masallaci ba ya iya zuwa. Amma da ya hango ta taga tsohuwar bis mai bene, koriya, wadda aka ɗauko don rakiyar amarya, sai ya zura babbar riga ya sauko.

"Baba, ga wuri nan ƙasa."

"Ƙasa ai tana jirana. Mu hau."

Suka zauna can gaba, yana haki. Motar ta tashi da gurnani, mata na guɗa ƙarƙashinsu, rassan itatuwa suna shafar gilashi.

"Nan Vénissieux muka ƙera irinta," in ji shi. "Ni ne mai fenti. Sai a kwashe su zuwa Paris. Da aka kawo mini amaryata Rékia daga Damagaram, can na kai ta don ta hau aikin hannuna. Ta ƙanƙame ni, wai ina mai tuƙin ta sama?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Zuwaira ta ce su sauka, ya girgiza kai. Da suka hau gadar kogin Rhône, hasken ruwa ya cika motar. Tsohon ya lumshe ido, ya dafa hannunta.

"Rékia, dubi kogin Seine. Kar ki ji tsoro."

Hajiya Rékia ta daɗe a kabari, Seine kuma yana can Paris. Zuwaira ta buɗe baki za ta gyara masa, sai ta fasa.

"Ina gani, Malam," ta ce a hankali.

Samari biyu suka sauko da shi a hannu. Bai ƙara fita ba. Ranar Juma'a da hantsi ta kai masa kunu, ta iske shi kan buzun salla, jingine da gado, rai ya yi halinsa.

Bayan an kai shi, ta shiga rufe masa taga. Tattabarun da ya saba ciyarwa sun jeru a bakinta suna leƙen ɗakin. Ta ɗebo tsabar shinkafa a gwangwaninsa, ta watsa musu, ta tsaya har suka tsince.