Murhun Gong Mai Sanƙo

Jiahui ta zo ranar Lahadi da babbar jaka, babu komai a ciki. 'Yata ce, na san abin da jakar ke nufi. Kayan uwarta za ta zuba.

"Baba, Mama ba ta cin abinci. Kai ma kana gani. A gidan tsofaffi akwai masu ba ta a baki."

"Ni hannuna ya gutsure ne?"

"Ta ƙi na hannunka. Ko kunun shinkafa furzarwa take."

Matata Linmei ta manta sunana tun bara. Na haƙura. Yanzu ta fara manta yadda ake cin abinci, shi ne za a ɗauke mini ita kamar tsohuwar kujera.

Na ce, "In ta ci yau fa?"

"In ta ci abin kirki a gabana, jakar ta koma yadda ta zo."

Na sauka kicin.

Tun jiya na shirya, don na san za ta zo. Na tafasa fatar alade da citta har ta narke, romon ya kwana ya daskare. Na yayyanka shi, na gauraya da niƙaƙƙen nama. Shanjiyan, soyayyen ƙunshin fulawa mai nama a ciki, ba ya yiwuwa sai da haka. Daskararren nan ne ke narkewa a cikin ƙunshin fulawa ya zama romo. Rabin rayuwata shi na soya a shagon bakin lungunmu na Shanghai, kafin a rushe shagon. A layin masu saye na fara ganin Linmei.

Kicin ɗin ƙasa gida huɗu ke amfani da shi. Kowa da murhunsa, da famfonsa, da ƙwan fitilarsa. A kusurwata, a da, murhun gas ne. Ranar da Linmei ta murɗa shi ta bar gas yana fita ba wuta, Jiahui ta sa aka cire, ta kawo wani baƙin farantin girki na lantarki. Ba wanda ya tambaye ni.

Na murza kwaɓin, na ƙunsa, na jera a kaskon ƙarfe, bakin ƙullin yana ƙasa. Shi wannan kasko juya shi ake yi a kan wuta, ba tsayawa, don kowane ya sami rabonsa. Ina taɓa shi, farantin ya yi ƙara ya mutu. Na kunna. Na juya. Ya sake mutuwa. Da na ƙyale shi, na tsakiya suka yi baƙi ƙirin suka fashe, na gefe suna nan fari fat, ɗanyu. Na juye su duka a kwandon shara. Saura kwaɓin kasko ɗaya.

Gong Mai Sanƙo, maƙwabcinmu, yana zaune a kusurwarsa yana gyaran wake. Ba ma magana tun ranar da ya turo kabad ɗinsa cikin wurina. Murhun gas ɗinsa yana nan, ba abin da ke kai.

Na tsaya. Sai na tunkare shi.

"Ba ni wutarka."

Bai ɗago ba. "Wa ke magana? Na ɗauka kabad ne ya yi ƙara."

"Ka ji ni."

"Tsoho Gu da kansa? Mai gadin kusurwa? Ai ka ce ko tururin tukunyata kada ya tsallaka wajenka."

"Linmei za a tafi da ita."

Ya ajiye kwanon waken. Ya tashi, ya kunna murhun, ya ja fitilarsa ta haska mini. Amma bakinsa bai mutu ba.

"Ƙullin sama ake sa shi. Kowa ya sani."

"A ƙauyenku."

"Man nan ya yi yawa."

"Matsa, sanƙonka na kashe mini ido."

Mai ya fara ƙara. Na bari gindinsu ya kama, na watsa ruwa, na kifa murfin katako. Na naɗe tsumma a hannu ina juya kaskon. Hannun ya tsufa, kaskon bai rage nauyi ba. Gong ya miƙo hannu zai ɗaga murfin, na buge shi. Ba a leƙawa. Da kunne ake sani: in kukan ruwa ya ƙare, na mai ya dawo, sun yi. Na buɗe, na barbaɗa riɗi da lawashi.

A sama, Linmei na bakin taga tana kallon shanyar mutane. Na ajiye farantin da ɗan ruwan tsami. Jiahui ta ɗauko almakashi.

"Me za ki yi?"

"In yanka mata. Zai ƙona ta."

Na daki tebur. "Kika yanka shi, romon ya zube, me ya rage? Ajiye."

"Baba, ba ta san..."

"Ajiye, na ce."

Ta ajiye. Ƙamshin ya cika ɗakin. Linmei ta daɗe tana kallon farantin. Sai ta ɗauki tsinkayen cin abinci, ta kama ɗaya, ta ɗan ciji gefensa, ta hura, ta tsotse romon. Ko ɗigo bai zuba ba. Ta tsoma sauran a ruwan tsami ta cinye. Ta ɗauki wani.

Ta dube ni. "Mai shago, ƙanzonka yau bai kai na jiya ba."

"Wutar aro ce," na ce.

Jiahui ta juya baya tana share ido. Ta naɗe jakar ta sa a hammata.

Na ce, "Gobe ki mayar mini da gas ɗina."

"A'a, Baba. Wannan kam ba zai dawo ba."

"To a kan me zan soya?"

"A kan murhun da ka soya yau."

Ta sumbaci uwarta ta fita. Na kwashe ragowar a kwano na sauka. Gong yana jira, har ya ɗauko tsinkayensa. Na dangwarar masa a gaba.

Ya ciji ɗaya. "Gishiri ya yi yawa. Gobe ƙarfe nawa?"

"In na sauko ka gani. Kuma ka janye kabad ɗin nan."