Rasuwar Baba Gustav a Rediyo

Sana'a biyu Lester Vondra ya gada wajen mahaifinsa a garin Ashgrove na jihar Nebraska: a gaban shago yana sayar da kujeru da gadaje, a bayan shago yana shirya gawa da akwatinta. Mutum ne mai son raha, amma Allah ya yi shi da wata irin murya mai kauri da sanyi, wadda ko "ina kwana" ya ce maka da ita sai ka tuna da kakarka da ta rasu. Ga shi dogo, ga baƙar kwat kullum. In ya je duba marar lafiya tsakani da Allah, tun a bakin ƙofa ake tare shi a ce, "Ai ya samu sauƙi, Lester, ya samu sauƙi ƙwarai."

A kakar 1923 Otto Behrens, mai shagon iri da kayan noma, ya kafa gidan rediyo a saman shagonsa. Ya ɗaure waya daga rufin shagon zuwa tankin ruwan gari, ya lulluɓe bangon ɗakin da buhunan dankali don kada murya ta riƙa amsa kuwwa, ya ajiye makirufo a kan wani tebur da ya aro wajen Lester. Kwana uku Otto ya yi yana magana da kansa. A rana ta huɗu manoma suka fara aiko masa da saƙo cewa na'urar tasa ta lalace, ba a jin komai sai kukan akuya. Na'ura kuwa lafiyarta ƙalau.

Shi ne ya tsallaka titi ya sami Lester.

"Kai za ka riƙa yi mana. Ƙarfe goma sha biyu na rana, lokacin da kowa ya dawo cin abinci. Farashin aladu, yanayin sama, sai ɗan labarin gari."

"Ni? Otto, ka san fa yadda mutane suke ji in na buɗe baki."

"To ai ba ganin ka za su yi ba. Ka dai riƙa murmushi kana magana, an ce ana jin murmushi a waya."

Lester ya karɓa da murna, don ya daɗe yana neman inda zai gaya wa mutane abin da ba mutuwa ba. Kullum sai ya goge takalmi, ya taje gashi, ya tsaya gaban makirufo yana yaƙe haƙora har kumatunsa su yi tsami. Duk da haka ran da ya sanar cewa farashin aladu ya tashi, wata mata ta ce wa Otto ita dai ta ji hawaye ya zubo mata, ba ta san dalili ba.

Ran wata Talata da safe mai ɗaukar madara ya kawo wata 'yar takarda daga Gustav Hultgren, wani dattijon manomi da ke mil bakwai daga gari. Baba Gustav ba shi da rediyo, ya ma rantse ba za ta shiga gidansa ba. Amma maƙwabcinsa Emil Stoltz yana da ita, kuma shekara talatin ke nan su biyun suna gasar wanda zai fara gama girbi. Takardar ta ce: "Na gama cire masarata kaf yau da safe. A faɗa a akwatin nan naku da ƙarfi, yadda Emil zai ji."

Lester ya ji daɗin labarin, ya ce wannan sai an yi masa ado. Da sha biyu ta buga ya gama da aladu, ya gyara murya, ya ce:

"Jama'ar Ashgrove da kewaye, ina da labari game da dattijonmu, wanda kowa ya sani, Gustav Hultgren. Yau da safe, wajen ƙarfe tara, a can cikin gonarsa, bayan shekara arba'in yana wahalar noma a ƙasar nan, Baba Gustav ya riga mu gi..."

Daidai nan babban ƙwan gilashin da ke cikin na'urar ya yi ƙyas, ya ƙone. Lester bai lura ba. Ya ci gaba da cewa "...girbin masara bana," ya yi wa Emil 'yar tsokana, ya karanta yanayin sama, har ya ba da wani labarin ban dariya da ya kwana biyu yana haddacewa. Minti goma yana yi wa buhunan dankali murmushi.

Yana saukowa ya tarar da Otto riƙe da kan tarho, fuskarsa ta yi fari.

"Minnie ce," in ji Otto. Minnie Tesar ita ce mai haɗa waya ta garin, kuma duk abin da ya bi ta kunnenta ya bi ta kunnen kowa. "Tana tambaya yaushe ne jana'iza."

"Jana'izar wa?"

"Ta Gustav mana! Ka sanar, sannan ka yi shiru don girmamawa."

Lester ya fizge tarhon. "Minnie, saurara, Baba Gustav..."

"Wayyo Lester, kada ka ƙara faɗa, muryar nan taka karya mini zuciya take yi. Na riga na gaya wa Fasto, na gaya wa matan coci, na kira ƙanwarsa a Omaha, ta ce za ta biyo jirgin ƙasa na yamma. Matarsa Hulda kuwa, baiwar Allah, da na kira ta cewa ta yi wai ƙwai shida ya ci da safe. Ka ji fa. Ƙwai shida, sannan ya tafi."

"Minnie, bai mutu ba!"

"Haka nake ji ni ma, kamar yana nan tare da mu. Bari, layi huɗu na kira na." Ta katse.

Suka hau sama da gudu. Otto ya leƙa na'ura, ya ga ƙwan ya yi baƙi ƙirin. Wani sai an aiko daga Omaha, kwana uku a ƙalla. Suka gwada kiran gidan Hultgren, amma gida tara ne a kan wannan layin, kuma duka taran suna kai suna kuka.

"Sai dai ka je da kanka," in ji Otto.

"Ba ni motarka."

"Tana wajen makaniki tun Asabar."

Suka dubi juna. Mota ɗaya ce ta rage a wannan titin, kuma ta Lester ce: doguwa, baƙa, da labule a tagogi.

Bai taɓa tuƙa motar gawa da gudu haka ba. Sai dai kafin ya yi mil biyu ya cim ma jerin motoci da kekunan doki, duk sun nufi gidan Hultgren, mata na rungume da kwanuka a cinya. Da suka hango shi sai kowa ya ratse gefe, maza suka cire huluna. Ya leƙo ta taga yana ɗaga hannu yana ihu, "Yana nan da ransa! Ku koma gida!" Ƙarar inji ta cinye maganar. Suka ɗaga masa hannu a hankali, suka biyo bayansa a jere, yadda aka saba.

Inna Hulda tana tsaye a barandar gida, hannu a ƙugu, tana musu da matan coci. Tun da labari ya iso ta ƙi yarda. An aika samari sun zagaya gona ba su ga Gustav ba, ba su ga amalankensa ba, ita kuwa ta ce duk inda yake yunwa za ta koro shi. Amma da ta ga baƙar motar ta shigo da mutum hamsin a bayanta, sai ta zauna daɓas a kan matakala.

Lester ya diro yana haki. "Inna Hulda, ki yi haƙuri..."

Kuka ya ɓarke ta ko'ina.

"A'a, ba wannan haƙurin ba! Kuskure aka yi!"

"Dukanmu masu kuskure ne, ɗan'uwa," in ji Fasto, ya dafa kafaɗarsa.

Emil Stoltz ya matso, ƙato da shi, hanci ya yi ja. Ya murƙushe hularsa a ƙirji ya ce, "Hulda, bari in faɗa gaban kowa. Shekara talatin ina cewa masarata ta fi tasa. Ƙarya nake yi. Ko rabinsa ban kai ba. Bara ma da na ce na riga shi, kadada biyu na ɓoye a bayan rumbu ban cire ba."

Lester ya hau matakala don ya yi magana kowa ya ji. Daga nan saman ne ya hango amalanke yana tahowa ta hanyar rafi, dawakai na tafiya a hankali, wani tsoho a kai da sandar kamun kifi. Baba Gustav ya ba wa kansa hutun rabin yini ne, bai gaya wa kowa ba.

Tsohon ya tsayar da dawakai a bakin shinge. Ya dubi taron, ya dubi Fasto, ya dubi motar gawa a ƙofar gidansa. Kifayen da ke hannunsa suka zube ƙasa.

"Hulda!" ya kurma ihu. "Wayyo Hulda! Da safe fa na bar ta lafiya!"

Ya diro ya nufo gida da gudu yana kuka. Mutane suka waiwaya, suka ga wanda suka zo binnewa ya taho a guje da takalman ruwa. Matar Emil ta saki kwanon dankali. Mutum uku suka tsallake shinge, mai kiɗan coci ta shige motar gawa ta rufe ƙofa. Fasto bai gudu ba, amma ya koma bayan Lester.

Gustav ya ratsa su yana sambatu. "Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa ce mata abincinta da daɗi ba! Wa zai iya zama da ni in ba ita ba?"

Sai ga shi gaban matakala, ga Hulda zaune tana kallon sa. Ta tashi, ta taɓa gemunsa, ta ja shi da ƙarfi har ya ce wash.

"Ina ka shiga, tsohon banza?"

"Kifi na je kamawa. Ke ba ki mutu ba?"

"Kai ne ka mutu! A rediyo aka faɗa!" Ta share ido da gefen riga. "Me ka ce game da abincina? Maimaita, Fasto na nan."

A nan ne Lester ya samu aka saurare shi. Ya bayyana yadda ƙwan ya ƙone a tsakiyar kalma, ya faɗi jimlar tun daga farko har ƙarshe. Da ya kai "girbin masara" sai wani ya tuntsire da dariya a baya, daga nan kowa ya ɗauka. Shi kaɗai Emil ne bai yi dariya ba, yana ta lallaɓawa wajen motarsa.

"Emil!" in ji Hulda. "Dawo ka gaya masa zancen kadada biyun nan."

Tun da abinci ya riga ya zo, sai aka shimfiɗa tebura a tsakar gida. Gasassun kaji goma sha ɗaya, cinyar alade uku, kek ɗin tuffa ba iyaka. Baba Gustav ya zauna a gaban tebur ya ci abincin makokinsa har ya kwance bel, yana sa Emil ya maimaita maganarsa duk sanda wani sabon baƙo ya iso. Da yamma Lester ya je tasha ya tari ƙanwar Gustav da ta sauko cikin baƙaƙen kaya. Wannan karon a amalanken Gustav ya je, da Gustav ɗin a zaune kusa da shi.

Ran Juma'a sabon ƙwai ya iso. Gustav ya ce shi da bakinsa zai ƙaryata mutuwarsa, don har yanzu wasiƙun ta'aziyya na zuwa daga garuruwan da ba su ji gyara ba. Ya zo cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, Hulda na biye da shi. A matakala yana ta cika baki: zai yi magana rabin awa, zai faɗi ra'ayinsa game da Emil, da gwamnati, da kamfanin jirgin ƙasa.

Otto ya kunna na'ura. Lester ya ce, "Jama'a, ga Baba Gustav Hultgren da kansa."

Gustav ya matso. Ya dubi makirufo, ɗan ƙarfe mai huji-huji kamar matacin shayi. Otto ya raɗa masa cewa mutum dubu biyar ke saurare. Tsohon da ake jin kiran aladunsa daga mil biyu ya buɗe baki, ya rufe. Gumi ya keto masa. Babu abin da ke fita sai numfashi.

Shiru ya yi yawa, Lester ya ga dole ya cike gurbin.

"Yana nan gabana, jama'a. Yana sanye da baƙar kwat ɗinsa, an taje masa gemu. Fuskarsa ta yi kyau ƙwarai, kamar ka kira shi ya amsa..."

Otto ya dafe kai da hannu biyu. A ƙasa tarho ya fara ƙara.

Hulda ta ture su duka biyun, ta kama makirufo kamar wuyan kaza.

"Hulda ce. Yana da rai, tsoro ne ya kama shi. Minnie, ajiye wayar nan, na san ke ce. Sannan duk wadda ta kawo abinci ran Talata ta zo ta ɗauki kwanonta, sun cika mini kicin. Akwai wani shuɗi mai tsaga a baki, ban san mai shi ba, amma ko wace ce, gishirinki ya yi yawa."

Kafin magariba mata goma sha huɗu sun kira shagon, kowace na rantsuwa shuɗin kwanon ba nata ba ne, kuma kowace na tambaya ko Hulda za ta sake magana gobe. Otto bai yi wata-wata ba ya ba ta minti goma sha biyar kowace Juma'a, ta riƙa faɗin haihuwa da aure da abin da ta ga dama. Aka bar wa Lester aladu da yanayin sama, da sharaɗin kada ya ƙara ambaton sunan mai rai.

Gustav kuwa sai da suka sauka ƙasa, ya sha ruwa kofi biyu, sannan muryarsa ta dawo. Ya gyara kwat, ya dubi mutanen da suka taru a ƙofar shago.

"Da ba ta katse ni ba," ya ce, "da kun ji magana."