Kibiyar da ke Kallon Baya

Shekara arba'in da ɗaya bakanike Karolis Bas ya yi yana kwanciya a ƙarƙashin koriyar motar Dakta Senarat, wata MG 'yar Ingila mai kujera biyu, wadda ta girmi rabin mutanen garin Nuwara Eliya. Da kunne yake saita ta. Sai ya kafa guntun tiyo a bakin kafireto, ya sa ɗaya bakin a kunnensa, ya yi ta murɗe-murɗe har kafireton biyu su riƙa jan iska murya ɗaya. Ya san tarinta na safe, ya san inda take ɗigar da mai, ya kuma san ranar da ta daina ɗigarwa to man ne ya ƙare. Matarsa ma ba ta samu wannan kulawar ba, kuma ta sha faɗa masa haka.

Da Dakta ya rasu, ɗansa Ruwanta ya dawo daga Dubai da ƙaton agogo da ƙaramar fahimta. Ya leƙa gareji, ya ga baƙin mai a ƙasa, ya toshe hanci. Cikin mako guda ya karɓe makullin garejin daga hannun Karolis, ya ɗora motar a bayan babbar mota sai birnin Kolombo, wajen wani Mista Rozairo. Wannan Rozairo a garejinsa har da na'urar sanyaya ɗaki, kanikawansa kuwa farar safar hannu suke sawa. Kanikawa da farar safa! Wata bakwai motar ta yi a can, Karolis yana nan yana gyaran kekunan a-daidaita na masu tallan kayan miya, ransa a jagule.

Ana saura kwana biyu gasar hawan tudu ta tsofaffin motoci da ake yi duk shekara, Ruwanta ya aika a kira shi.

"Tsoho, ga yadda za mu yi," in ji shi, ko kujera bai nuna masa ba. "Ka sa farar riga, ka tsaya gefen mota. Alƙalai suna son irinku, a ce ga wanda ya riƙe ta tun zamanin da. Kada ka taɓa komai, kada ka buɗe baki. In ka kama kanka, makullin gareji ya koma hannunka."

"To, Yallaɓai," in ji Karolis.

Ya ji ciwon maganar har cikin ƙashinsa, amma makullin yake so. Don ya sake jin muryar motar nan a kunnensa, ko gunki aka ce ya zama zai zama.

Ranar hawan, filin kulob ɗin masu motoci ya cika da irin mutanen da ya tsana. Manyan masu gonakin shayi da 'ya'yansu, kowa da hular Turawa da tsumman goge mota, suna zagaya motocin juna suna "kai, kai, kai". Mafi yawansu ba su taɓa kwance filogi ba. Akwai wanda yake cire ciyawa daga tayarsa da tsinken sakace. Alƙalai uku suna bi da madubi mai dogon hannu suna leƙa ƙarƙashin motoci, ba don su ga ko birki na aiki ba, sai don su ga ko da ƙura.

Aka sauko da koriyar daga babbar mota. Karolis ya matso ya duba ta. Sun shafe ta da ƙyalli ko'ina, har notunan da tun daga Ingila baƙaƙe ne. Da aka tayar da ita ya ji kafireto ɗaya yana gaba ɗaya yana bin baya, amma ya haɗiye. An ce kada ya buɗe baki.

Sai idonsa ya kai kan ƙafafun. Ƙafafun irin wannan mota masu wayoyi ne kamar na keke, kuma noti ɗaya tal ke riƙe kowace, ƙato mai kunnuwa biyu, wanda da guduma ake ɗaure shi. Na hagu da na dama ba gefe ɗaya suke murɗuwa ba, an yi su ne yadda tafiyar mota za ta riƙa ƙara ɗaure su. A jikin kowane akwai 'yar kibiya mai nuna gefen kwancewa, kuma dole ta kalli gaban mota. Waɗannan duka huɗu baya suke kallo. Masu farar safa sun cire mazaunan ƙafafun don a ƙyalƙyale su, sun mayar da na dama hagu, na hagu dama. Motar ba ta yi ko taku goma da ƙafarta ba tun da ta bar Kolombo, shi ya sa asirinsu bai tonu ba. Yanzu kowane juyi kwance notin zai yi.

A al'adar gidan, kafin a tashi Karolis yakan zaga da gudumarsa ta jan ƙarfe ya ba kowane noti duka uku. Ya zaro ta daga cikin zanen da yake ɗaure da shi irin na mazan ƙasar, don ko a wannan ranar bai iya barin ta a gida ba.

"Kai, kai, Baba! Me za ka yi?" Rozairo ya taho da gudu. "Ka san wahalar da aka sha kan ƙyallin nan? Mu da katako mai soso muke ɗaurewa. Wannan ta fasa kwakwa ce, kai ta kasuwa."

Masu hulunan suka kwashe da dariya. Karolis ya mayar da guduma. A ransa ya ce su je su gani, shi makulli ya zo karɓa.

Sai ga Nona Sumana, matar marigayi, ana riƙe da hannunta. Shekararta tamanin da biyu, kuma ba ta taɓa fashin zama kujerar gefe a hawan nan ba. Ita ce ta riƙa aiko masa da shayi da gurasar kwakwa har ƙarƙashin mota tsawon shekarun nan. Aka zaunar da ita, ta ɗaure gyalenta a haɓa. Nan dai bakin Karolis ya ƙi rufuwa.

"Yallaɓai, motar nan ba za ta hau tudu ba. An juya mazaunan ƙafafu. Kafin ta sha kwana ta uku a hanyar, ƙafa za ta fice."

A gaban alƙalai ya faɗa, da ƙarfi kuma. Fuskar Ruwanta ta yi kamar an watsa masa ruwan zafi.

"Na ce maka me? Mutumin da ko karatun jarida ba ya iyawa zai koya wa ƙwararru aiki? Hassada ce ke cin ka, tsoho. Makulli kuwa ka manta da shi."

"Mu da na'ura muka gwada komai," in ji Rozairo, yana gyara kwalar farar rigarsa.

Nona ta dubi ɗanta, ta dubi Karolis. "Bas, zo ka fitar da ni," ta ce. "Gwiwata ta riƙe."

"Haba Mama, kina biye masa?"

"Ubanka ma biye masa ya yi ta yi, ya kuma mutu a kan gadonsa."

Karolis ya sunkuya ya ɗago ta. A ƙarƙashin kujerar nan da ta tashi akwai ɗan famfon rufe fetur da shi da kansa ya ɗaura shekara talatin da suka wuce saboda ɓarayi, ko masu farar safa ba su gano shi ba. Tazarar ɗani ɗaya ce tsakaninsa da yatsunsa. Murɗawa ɗaya, motar za ta mutu kafin ta fita ƙofar fili, a tsaya ana kame-kame, ba abin da zai same ta. Ya sani sarai. Amma dariyar nan tana kunnensa, ga shi an riga an ce makulli ya tafi. Tsohuwa ta fita, wanda ya rage a ciki kuwa bai kai a ɓata masa yatsa ba. Ya janye hannunsa ya rufe ƙofa.

Ruwanta ya fizgi motar yana ɗaga wa jama'a hannu. Daga filin ana hango hanyar tana nannaɗe tudu tsakanin gonakin shayi. Ya sha kwana ta farko, ya sha ta biyu. Gab da ta uku ya taka birki, ƙafar gaba ta dama ta yi sallama da su, ta gangara cikin shayi tana tsalle. Motar ta durƙusa, ta ja ƙirjinta a kan kwalta, ta je ta rungumi dutsen gefen hanya.

Ruwanta ya fito lafiya lau, ko ƙwarzane babu, yana neman hularsa. Irinsu ai ba abin da ke samun su. Masu huluna suka zaro wayoyi suna ɗaukar hoto. Rozairo kuwa tuni ya gano yana da uzuri a bayan babbar mota.

Karolis ya yi zaton zai ji daɗi. Ƙarar ƙarfen nan a kan kwalta ita ta shige masa ciki ta zauna. Ya hau tudun da ƙafa, yana haki, ya durƙusa gaban motar. Fuskarta ta lotse, fitila ɗaya ta tarwatse, aksul ɗin da ya yi shekara arba'in da ɗaya yana shafa wa giris ya lanƙwashe. Ruwan lagireto yana tsiyaya a kan farar rigarsa.

Aka kawo Nona a keken a-daidaita. Ta miƙa wa ɗanta hannu, ya zaro makullin gareji ya ba ta, kansa a ƙasa. Ta sa shi a tafin Karolis.

"Ga motarka, Bas," ta ce. Sai ta rage murya yadda shi kaɗai zai ji. "Ni na riƙe maka fitila ranar da ka ɗaura famfon nan. Na ga hannunka ɗazu."